Kasuwar Zane-zane a Lokacin da Aljihu Ya Bushe

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai masu koyon zane da sassaƙa, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamaina, abokan aiki, ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na ga lokaci ya ja, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Ranar 15 ga Satumba, 2008, bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, tattalin arzikin duniya ya shiga halin ni-'yasu. A wannan rana dai, a Landan, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya fara sayar da ayyukan Damien Hirst, Baturen nan da ke saka gawar dabba a akwatin gilashi cike da ruwan maganin hana ruɓa. Kwana biyu ana buga guduma, aka tashi da fam miliyan 111. Ɗan maraƙi guda da aka yi wa ƙaho da kofato na zinare, fam miliyan 10 da ɗoriya aka saye shi. Na ga wasunku suna dariya. Wallahi haka aka yi.

Jaridu suka ɗauka, wai kasuwar zane ba ta jin fari. Ashe cin kasuwar ƙarshe ke nan. A 2009 cinikin kayan fasaha a duniya ya faɗo daga wajen dala biliyan 62 zuwa ƙasa da biliyan 40, farashin Hirst ɗin ma ya zube. Amma a Fabrairun wannan shekarar, ana tsakiyar kukan babu, aka yi gwanjon kayan da marigayi Yves Saint Laurent, shahararren mai zayyana tufafi, da abokinsa Pierre Bergé suka tara, a Paris, aka sami sama da yuro miliyan 370.

To yaya za a haɗa waɗannan biyu? Nan nake so ku buɗe kunne. Kasuwar ba ɗaya ba ce. Akwai ta sama, inda ake cinikin ayyukan waɗanda suka mutu suka bar suna, irin su Matisse da Picasso. Ba za a ƙara yin wani ba, don haka attajiri yana kallonsu kamar yadda uwayenmu mata ke kallon gwal: wurin ɓoye dukiya ne idan kuɗi sun fara lalacewa. Mai irin wannan kaya ba ya fito da shi in kasuwa ba daɗi, sai dole ta kama shi. Dillalai suna cewa abu uku ke fito da shi: mutuwa, bashi, da mutuwar aure. Sai kuma kasuwar ƙasa, ta mai zanen da ke raye, yana biyan haya, yana jiran gidan baje koli ya sayar masa ya cire la'ada, wadda galibi rabin kuɗin ce. Idan matsi ya zo, wannan ce ke fara yin kwantai. Ƙananan gidajen baje koli su rufe, nunin da aka shirya a ɗage shi, zane ya koma bayan ƙofa ya jingina da bango yana shan ƙura. Wannan ba ya shiga jarida.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanku shi ne 'yan sari. Amoako Boafo ɗan Ghana ne, gwani ne, da yatsunsa yake shafa fenti a fuskokin mutanen da yake zanawa. A Fabrairun 2020 aka kai wani zanensa gwanjon Phillips a Landan, zanen da bai fi shekara da gamawa ba. An ƙiyasta fam dubu 30 zuwa 50, aka saye shi fam dubu 675. Ribar ta wanda ya sara ce, ya juyar. Da kasuwa ta yi sanyi a 2023 da 2024, matasa da yawa da aka hura wa farashi haka sun ga an kai aikinsu gwanjo ko tayi babu. Kuma duk wanda aka ga kayansa sun yi kwantai a bainar jama'a, dawo da darajarsa sai an sha wuya.

Mu dawo gida. Art X Lagos, kasuwar baje kolin zane-zane da Tokini Peterside ta kafa a Legas, a 2016 ta fara, shekarar da Nijeriya ta faɗa karayar tattalin arziki. Mutane sun ce ganganci ne, ga shi ta ɗore, domin ta nemi masu saye na cikin gida. Gaskiya ne Tutu, zanen ɗan Nijeriya Ben Enwonwu, ta yi fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams a 2018, mun yi murna, amma a Landan aka yi cinikin, kuma mai zanen ya rasu tun 1994. Ku kuwa, tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, fenti da burushi da ƙyallen zane duk daga waje suke zuwa. Ɗalibi na matse kwalin fenti har ya tsaga shi da reza ya kankare na ciki. Na gani a ɗakin aikinku, ba labari aka ba ni ba.

Shi ya sa nake yawan kawo muku El Anatsui, mai sassaƙa ɗan Ghana. A Nsukka, da murafun kwalaben barasa da wayar tagulla ya ɗinka manyan ayyukan da babban nunin fasaha na Venice, a Italiya, ya karrama shi a kansu a 2015. Ba cewa nake talauci alheri ne ba, a'a. Cewa nake kayan aikin da ba ruwansu da dala suna nan kewaye da ku: baba na marina, fata, laka, ƙwarya.

Gwamnati ma tana da abin yi, an taɓa yi. A 1935, lokacin babbar karayar tattalin arzikin Amurka, gwamnatin Roosevelt ta ɗauki dubban masu zane aiki, albashin wajen dala 24 a mako, suna zana bangon makarantu da asibitoci. Jackson Pollock da Mark Rothko, da suka zama manyan masu zanen Amurka, duk sun ci wannan albashi, tun ba wanda ya san su. Shirin ya kai har 1943.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da 'yar'uwar can ta baya.