Ɗigon Ido da Ƙodar da Ta Gaji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya taɓa ɗiga magani a ido ya san ɗacin nan da ke sauko masa maƙogwaro bayan ɗan lokaci. Dalili kuwa, akwai wata 'yar kafa a gefen ido ta wajen karan hanci, inda hawaye ke bi su gangara cikin hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ta nan maganin yake bi, daga hanci ya shiga jini. Da yawa daga abin da ya shiga jini kuma, ƙoda ce ke fitar da shi. To, in ƙodar ta gaji fa?

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen masu hawan jinin ido, wato gilakoma. Akwai ƙwayar acetazolamide, wadda aka fi sani da Diamox, da likitan ido ke bayarwa idan matsin cikin ido ya hau sosai. Tana aiki, babu musu. Amma yadda ta shiga jiki, haka ƙoda ke tace ta ta zubar a fitsari. Ga mai raunin ƙoda sai ta yi ta taruwa: kasala, barci ba ƙa'ida, numfashi da sauri, tsoho ya fara sambatu. Iyali su ce tsufa ne, wasu ma su aika a kira mai ruƙiyya, alhali kwalin maganin yana nan ƙarƙashin matashi. Danginta na ɗigawa, dorzolamide da brinzolamide, su ma ba a so a ba wanda ƙarfin tacewar ƙodarsa ya sauka ƙasa da 30 a gwaji. Haka acyclovir, da ake sha saboda ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa gefe guda na goshi har fatar ido, dole a rage adadinta daidai da ƙarfin ƙoda.

Abin da ya sa muke wannan magana, ciwon suga da hawan jini suna cin ido da ƙoda tare. Mutum guda, kati biyu, asibiti biyu, kuma likitocin ba su san abin da juna suka rubuta ba. A yankuna irin su Gashuwa da Nguru, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Ga kuma ɗabi'armu ta tsayawa a kemis: ido na ciwo, a haɗo da diclofenac ko ibuprofen, waɗanda su kansu suna ƙara wa ƙoda rauni.

Kada wani ya ji wannan ya ajiye maganin gilakoma da kansa. Ganin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa. Abin yi shi ne, tun kafin likitan ido ya ɗauki biro, ka ce masa, "Likita, ina da ciwon ƙoda," ko "Ana yi mini wankin ƙoda," ka miƙa masa takardar gwajinka ta ƙarshe. Akwai wasu magungunan da zai zaɓa maka.

A gida kuma, ɗigo ɗaya ya isa, na biyun kunci yake bi. Ka rufe idon, ka danne gefensa na wajen hanci da ɗan yatsa kamar minti 2, don ka toshe wa maganin hanyar gangarawa. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu.