Tsutsotsin Tankin Murjani da Ƙatuwar Kumbar Teku: Wa Ke Kashe Wa?

Assalamu alaikum, jama'a masu kallo, ina gaishe ku daga Jidda. Na kashe fitilun tankin da nake kiwon murjani da sauran halittun teku a ciki da wuri, na riƙo jar tocila, domin halittun da zan nuna muku ba sa fitowa sai dare ya yi, kuma jan haske bai cika razana su ba. Ku dubi gindin wancan dutsen, za ku ga wata tsutsa mai ruwan hoda da fararen gasu a gefenta tana laluben yashi, ga kuma kumbar tekuna, wadda masana ke kira Tridacna maxima, a zaune kusa da ita. Tambayar da aka fi aiko mini ita ce ko wannan maƙwabtaka tana da haɗari.

Irin wannan kumba tana nan a Bahar Maliya, amma tawa ta gonar kiwo ce, domin duk danginta suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda ta sa sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da su. Babbar yayarsu, Tridacna gigas, tana wuce mita ɗaya, nauyinta kuma ya haura kilo 200. Dukkansu suna ɗauke da wata ƙananar gansakuka a cikin wannan lallausan naman mai launi da suke shimfiɗawa a bakin ɓawo, kuma ita ce ke sarrafa haske ta ba su kaso mai yawa na abincinsu.

Yawancin tsutsotsin da ke shigowa tanki a ɓoye cikin duwatsu, irin su Eurythoe complanata, masu cin mushe ne da ragowar abincin kifi, kuma bakinsu ba shi da muƙamuƙin da zai huda ɓawo. Abin da ke jawo musu zargi shi ne mutum ya wayi gari ya tarar da kumbarsa a hangame, cikinta maƙil da tsutsotsi, sai ya yanke hukunci nan take. Ungulu dai ba ta jewar banza. Kumba takan ɗauki makonni tana ramewa ba tare da an lura ba, sai naman ya fara ruɓewa tsutsotsi su ji wari su taru, kuma cikin dare ɗaya suna iya suɗe ɓawon tas. A ganina aikin alheri ma suka yi, domin da naman ya zauna yana ruɓewa, da ya gurɓata ruwan tankin gaba ɗaya.

Sai dai akwai wadda ba na yi wa uzuri, wato Oenone fulgida, doguwar tsutsa siririya mai ruwan lemo, wadda ke lulluɓe abin farautarta da majina, tana kuma huda ɓawo ta ci naman da ransa. Alamarta ita ce ɗan rami zagayayye a jikin ɓawo, ko dunƙulen yauƙi a kan katantanwar da ta mutu. Ita wannan a cire ta, ko da za a fitar da dutsen da take ciki ne dungurungum. Kada kuma a taɓa kowace tsutsa da hannu tsirara, domin gasun nan suna karyewa a fata su bar zafi da ƙaiƙayi.

Maƙiyin da ya fi ba ni tsoro ma ba tsutsa ba ne. Wasu fararen katantanwa ne 'yan mitsi-mitsi na dangin Pyramidellidae, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna ɓoyewa a ƙasan ɓawo da rana, da dare su hau su tsotse ruwan jikin kumbar, suna kuma barin ƙwai a cikin yauƙi. Shi ya sa nake duba ƙasanta a kai a kai, in goge ɓawon da tsohon buroshin haƙori.

Kafin a zargi kowa, a auna ruwa. Ni ina riƙe gishiri a kan 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi tsakanin digiri 25 da 26 na Celsius, sinadarin kalsiyam kuma wajen miligiram 420 a kowace lita, da fitila mai ƙarfi, domin maxima ba ta jure ƙarancin haske. Lafiyayyar kumba tana nuna sabon farin layi a gefen ɓawonta, kuma idan na gitta hannu ta sama, kamar yadda kuke gani yanzu, sai ta ja namanta ciki da sauri. Na ɗora ta a kan faffaɗan dutse ne domin ta kama shi da zaren da take fitarwa don mannewa, ta rufe ƙofar da ke ƙasan ɓawonta inda zaren ke fitowa, wadda ita ce mashigar da ta fi sauƙi ga duk mai son cutar da ita.