Turmina da Lahadin Jamus

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da muryata da kuke ji ƙasa-ƙasa, ba mura nake yi ba. Yau Lahadi ce, kuma ina magana da ku ne daga ɗakina a hawa na uku a Leipzig, gabashin Jamus. Kun ga wannan 'yar takardar da ke hannuna? Ita ce ta sa na kunna kyamara.

Watan jiya wani ɗan garinmu ya zo, Hajiyarmu ta ba shi saƙo ya kawo min: ƙuli-ƙuli, busasshen barkono, citta, kanumfari, da wani ɗan ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Lahadin da ta wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na ce bari in daka yajina in huta da cin shinkafa lami. Wallahi ban yi minti goma ina daka ba. Da na zo fita da azahar sai ga takarda an zuro ta ƙarƙashin ƙofa, rubutu mai kyau kamar na tsohuwar malamar firamare, ana tuna min cewa Lahadi ranar hutu ce. Har da gaisuwa a ƙasa, ba suna.

Na san ko wacece, dattijuwar da ke ƙasana ce. Kuma gaskiyarta ce, dokar gidan tana manne a bakin matakala, ni ne ban karanta ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. A Zariya in maƙwabciya ta ji ƙarar taɓarya, leƙowa za ta yi ta katanga ta ce me ake dakawa ne haka ba a san mana ba? Nan kuwa mutum yana jinka, ya zauna ya nemo biro, ya hau matakala a hankali, ya zura takarda ya koma. Kwana uku ina tafiya a cikin ɗakina da sanɗa kamar ɓarawo.

Wannan Lahadi ta Jamusawa ba al'ada ce kawai ba, tana cikin tsarin mulkinsu. Tun a tsarin mulkin 1919 aka rubuta cewa ranar hutu ce, kuma na yanzu ya ɗauko wannan sashe ya ci gaba da shi. Saboda haka manyan kantuna a rufe suke ruf. A jiharmu ta Saksoni kanti na iya kaiwa ƙarfe goma na dare daga Litinin zuwa Asabar, daga nan sai Litinin kuma. In ka manta albasa ranar Asabar, to ka manta da miya. Sai dai ka hau taragon cikin gari ka je babbar tashar jirgin ƙasa, inda ake barin wasu kantuna su buɗe, ka bi layin da ya kai bayan kanti saboda albasa uku. Ina mai shagon bakin layinmu da za ka buga masa ƙofa sha ɗayan dare ya miƙo maka magi ta taga, ya rubuta bashi? Ina yaron da za ka aika? Kai ne mai gida, kai ne yaron aike.

Na ɗauka na gama sanin kan abin, sai wata Laraba a watan Nuwamba na fita da jakata, na tarar da titi wayam, ko'ina a kulle. Ashe akwai wata ranar tuba da addu'a ta Kiristocin Furotesta da a duk faɗin Jamus jihar Saksoni ce kaɗai ta bar ta a matsayin hutu. Abokina da ke Berlin yana wurin aiki yana min dariya a waya, ni kuma ina tsaye gaban ƙofar gilashi da yunwa.

Shiga kantin ma wani aiki ne. Keken zuba kaya sai ka sa masa kwabo, Yuro ɗaya ko senti 50, kafin ya rabu da sarƙa, kuma kullum ranar da ka fi gajiya ce ba ka da kwabon. A wurin biya kuwa, mai karɓar kuɗi tana zaune tana wurgo kaya kamar ana binta. Ba mai zuba maka a leda. Kana kokawa da tumatir, ta riga ta faɗi kuɗi, mutum biyar na bayanka sun zuba maka ido, ba wanda ya ce uffan. Da zagi suka yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu ku dubi kusurwar nan. Waɗannan robobin ruwan ba shara ba ne, kuɗi ne. Galibi robar ruwa ko gwangwanin lemo an ɗora mata senti 25 a kan farashi, suna ce masa Pfand, sai ka mayar da ita cikin na'ura a kanti a ba ka kuɗinka. Tsarin na da kyau, ban musa ba, shi ya sa ba ka ganin roba a kwata. Amma na'urar na da taurin kai. In robar ta lotse ko takardar jikinta ta yage, sai ta juya ta, ta juya ta, ta tofo maka. Ka sake sawa, ta sake tofowa. Akwai wata guda da na kai sau uku tana dawo min da ita, na ce shi ke nan, ta zama buta.

Ai kuwa maganar buta ita ce wadda ba a cika faɗa a bidiyo ba, amma duk wanda ya fito ya san ta. Banɗakinsu takarda ce kawai. A gida na sayi 'yar butar ba fulawa ruwa ina amfani da ita, amma a wurin aiki sai dai ka shiga da roba a aljihun riga kana waige-waige. A tasha kuma sai ka biya kafin ƙofar banɗakin ta buɗe. Alwala a wurin wanke hannu, ƙafa ɗaya a sama, wani ya turo ƙofa ku haɗa ido... ku bar shi kawai.

Shara ba zan daɗe a kanta ba: mazubi mai ruwan ɗorawa na roba da gwangwani, shuɗi na takarda, baƙi na tarkace, da na ragowar abinci daban. Kwalba kuma can bakin titi, fara daban, koriya daban, mai ruwan ƙasa daban, kuma ba a jefa ta ranar Lahadi saboda ƙara.

Sai akwatin wasiƙa. Mutanen nan suna ƙera motar da duniya ke rububi, amma komai nasu da wasiƙar takarda ne. Galibi ƙofofin ba su da lamba, da sunan da ke jikin akwati ɗan wasiƙa yake aiki. Makonni na farko ban manna sunana ba, katin bankina ya koma inda ya fito. Da na manna, wasiƙar da ta fara isowa ta kuɗin rediyo da talabijin ce, Yuro 18.36 kowane wata a kan kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da ita. Ni da ban da ko eriya.

Jiya ma na tarar da kati a akwatin, wai an kawo min kaya ba na nan, an ajiye wurin maƙwabta. Takalman sanyin da na yi oda ne. Kun san sunan wa aka rubuta? Hawa na biyu, dattijuwar nan. Tun jiya nake juya abin da zan ce mata da Jamusancina mai ɗingishi. Na ƙulla mata yaji kaɗan a 'yar kwalba, wanda ya janyo takardar, na rage masa barkono don kada a kwashe ta zuwa asibiti a ce ni ne. Tsakanin ƙarfe ɗaya da uku ma lokacin hutun rana ne a gidan nan, yanzu kuma uku saura kwata, don haka sai na ƙara jira. Bari in sanya safa in sauka a hankali, kyamarar kuma a nan zan bar ta, kada in janyo wa kaina takarda ta biyu.