Laccar Tekun Java: jiragen da suka nitse a 1942, aka zo aka sace gawarsu

(Na rubuto wannan ne daga rikodin laccar da wani malaminmu na tarihi ya yi, na cire gaishe-gaishen farko da wuraren da hayaniya ta yi yawa.)

Toh jama'a, bari in fara da rami. A watan Nuwamba na 2016 wasu masu nutso suka fita tekun Java a ƙasar Indonesiya, suna shirin cika shekara 75 da wani yaƙi da aka yi a wurin, niyyarsu su ɗauko hoton jiragen yaƙin Holan da ke kwance a ƙasan ruwa. Sun san wurin, don tun 2002 aka fara gano su. Suka kunna na'urar nan mai aika sauti ta zano hoton ƙasan teku, sai me, babu jirgi. Rami kawai, dogo, daidai siffar jirgi, kamar yadda za ka ɗaga tukunya daga kan toka ka ga gurbinta. Jirgin De Ruyter babu, jirgin Java babu, jirgin Kortenaer saura guntu. Jirage ne fa masu nauyin tan dubbai, a zurfin mita 50 zuwa 70, kuma da mutane a cikinsu. Wannan ramin ne ya sa na ce yau sai mun yi maganarsu.

Me ya kai su can? Mai. Man fetur. Lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, Indonesiya tana hannun Holan, kuma rijiyoyin mai na Borneo da Sumatra su Japan take so, don Amurka ta toshe mata mai. Singafo ta faɗa hannun Japan ran 15 ga Fabrairu 1942, saura tsibirin Java. Sai ƙasashe huɗu, Amurka da Birtaniya da Holan da Ostireliya, suka tattara ɗan abin da ya rage musu, jirage 14, manya 5 ƙanana 9, suka damƙa wa wani babban hafsan Holan, Karel Doorman, aka ce ka je ka tare ayarin da ke ɗauke da sojojin Japan kafin su sauka.

Ku dubi halin da suke ciki don Allah. Ba su taɓa atisaye tare yadda ya kamata ba, ba su da littafin sigina ɗaya, umarni in ya fito daga Doorman sai an juya shi zuwa Ingilishi an miƙa wa jirgin Houston na Amurka shi kuma ya miƙa wa saura, ana cikin ruwan wuta. Shi kansa Houston manyan bindigoginsa na baya sun mutu tun farkon watan da bom ya same shi. Mutanen sun yi makonni jiragen sama na binsu, ba barci. Kuma ba jirgin leƙen asiri a sama, su kuwa Japanawa nasu na shawagi yana faɗa musu duk inda Doorman ya juya. Ga wani tofido nasu, wato makamin da ke gudu a cikin ruwa ya fasa jirgi, mai amfani da iskar oksijin, yana tafiyar kilomita 20 ko fiye ba ya barin kumfa sosai a bayansa, har mutanen Doorman suka riƙa zaton jirgi mai nutso ne ke harbinsu.

Ran 27 ga Fabrairu, bayan ƙarfe 4 na yamma aka fara. Exeter na Birtaniya, wanda ya yi suna tun 1939 a faɗa da Graf Spee na Jamus, harsashi ya faɗa masa ɗakin tukunyar injin, gudunsa ya zube, ya kauce daga layi, na bayansa suka ɗauka umarni ne suka bi shi, layi ya watse. Cikin wannan ruɗanin tofido ya raba Kortenaer biyu. Electra na Birtaniya ya shiga hayaƙi don ya kare Exeter, bai fito ba. Da dare Jupiter, shi ma na Birtaniya, ya taka nakiya, kuma abin takaicin, ana kyautata zaton nakiyar Holan ce da aka dasa a ranar. Ƙananan jiragen Amurka sun ƙarar da tofidonsu mai ya yi ƙasa sun koma Surabaya. Doorman bai juya ba, ya ci gaba da laluben ayarin cikin duhu da jirage huɗu. Mutanen Holan har yau suna maimaita siginar da ya aika ta cewa duk jirage su biyo shi. Wajen 11 da rabi na dare tofido ya samu jirgin Java, ya samu De Ruyter, jirgin da Doorman yake ciki. Kafin ya nitse Doorman ya aika wa Perth na Ostireliya da Houston cewa kar su tsaya tsamo kowa, su wuce Batabiya, wato Jakarta ta yanzu. Ya tafi da jirginsa.

Ni dai a nawa ganin, waɗanda suka tura shi sun san ba zai dawo ba. Duk wannan jinin kwana ɗaya tak ya jinkirta saukar Japan, kuma kafin 10 ga Maris Java ta miƙa wuya.

Perth da Houston ma ba su tsira ba, washegari da dare suka faɗa tsakiyar rundunar Japan a mashigin Sunda, suka yi ta harbi har harsashi ya ƙare. Houston mutum 1,061 ne a ciki, 368 suka rayu. Perth ya rasa 353. Kyaftin ɗinsu duka biyu, Waller da Rooks, sun mutu a wurin. Waɗanda suka kai gaɓa aka kama su, da yawa aka kai su aikin layin dogo na Bama, ƙasar nan dai da kakanninmu suka je yaƙi daga baya, wasu can yunwa da kwalara suka ƙarasa su.

Amma akwai abu ɗaya da ba na tsallakewa duk inda na ba da labarin nan. Ran 1 ga Maris aka nitsar da Exeter da wani ƙaramin jirgin Birtaniya, Encounter. Mutanensu suka kwana a ruwa, suna maƙale da katako da ƴan kwale-kwale, baƙin mai ya lulluɓe su har ido ba ya buɗuwa. Washegari wani ƙaramin jirgin yaƙin Japan, Ikazuchi, ya hango su. Kwamandansa Shunsaku Kudo. Tsayawa a wurin hatsari ne, jirgi a tsaye abincin jirgi mai nutso ne. Ya tsaya. Aka zura igiya da tsani, wasu ba su da ƙarfin kama igiyar ma, matuƙansa suka riƙa sauka suna ɗaure su ana jawowa. Mutum sama da 400, kusan ninki biyu na mutanen jirgin. Aka goge musu man nan da auduga, aka ba su ruwa da abinci da riguna. Ba ina wanke sojan Japan ba ne, abin da suka yi wa fursunoni a sansanoni duniya ta sani, amma wannan bawan Allah ya yi abin da ya yi.

Cikin waɗanda aka tsamo akwai wani matashin hafsa, Sam Falle. Kun san ina ya ƙare? Jakadan Birtaniya ne a Najeriya, 1977 zuwa 1978, a Legas ya zauna. Ya shafe shekaru yana neman Kudo ya yi masa godiya, ashe Kudo ya rasu tun 1979, kuma bai riƙa ba da labarin ba, shi Ikazuchi ɗin an nitsar da shi a 1944 da duk mutanensa bayan an canja wa Kudo wurin aiki. A 2008 Falle, tsoho yana dab da shekara 90, ya je Japan ya tsaya a kan kabarinsa.

Toh mu koma ramin. Ba na Holan kaɗai ba, Exeter da Encounter su ma an kwashe su tas, Electra an ci rabinsa, Perth da aka duba a 2017 fiye da rabi ya tafi. Su wa? Ƴan gwangwan ne, amma ba irin namu masu tura kura a unguwa ba, waɗannan manyan jirage ne masu ƙugiya da injin ɗaga kaya, su fasa jirgi su yi ta cakumo shi gunduwa-gunduwa, tagulla da jan ƙarfe da farfela su ne kuɗin, sauran a auna a kilo. Ƴan jarida da suka bi sawu har tashar Brondong a gabashin Java sun ruwaito daga bakin leburorin da ke yanka ƙarfen cewa suna tsintar ƙasusuwa da ƙoƙon kai a ciki, wasu aka binne a kabarin da ba alama. Leburan nan ba shi nake zargi ba, abincin ranar yake nema. Wanda ya aiko jirgin shi ya san abin da ke ciki.

Mu a nan, ko hanya ce ta biyo ta maƙabarta sai an yi tashin hankali, an kira malamai, an kira hakimi. Matuƙin jirgi ba shi da maƙabarta, jirginsa ne kabarinsa, kuma uwarsa ta haƙura ne a kan ta san inda yake kwance. Kusan mutum 2,300 aka rasa a yaƙin tekun Java, sama da 900 a jiragen Holan, kuma a cikinsu akwai ƴan Indonesiya da yawa, yaran Java da Ambon da sauran tsibirai da suka shiga aikin jirgi ƙarƙashin tutar mai mulkinsu, su ne aka fi mantawa in ana lissafi.

In Allah ya kai wani cikinku Surabaya, akwai maƙabartar Kembang Kuning, a can aka kafa dutsen tunawa da Doorman, an zana sunaye 915 a jiki. A birnin Heg na ƙasar Holan kuma, a cocin Kloosterkerk, ƙararrawar De Ruyter tana nan, masu nutso sun ɗauko ta tun kafin ɓarayin su iso, duk 27 ga Fabrairu jikoki suna taruwa a gabanta.

An ce min lokacin salla ya kusa, toh bari mu ɗauki tambaya biyu, malama ta can baya, ke kika fara ɗaga hannu.