Daga takardun ƙidaya zuwa bakin teku: yadda ake gano ƙauyen kakan da ya taso daga Jamus

Masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci. A ce ga wani Ba'amurke a birnin Milwaukee, sunan gidansu Miller, abin da ya ji daga bakin kakarsa bai wuce "mu 'yan asalin Jamus ne" ba. To, Jamus ta wane gari? Duk binciken a kan wannan tambaya yake, domin bayanan haihuwa da aure na Jamusawan ƙarni na 19 ba a tara su wuri guda ba. Suna cikin littattafan coci-coci, kowane ƙauye da nasa. Sai a 1876 aka fara rajistar hukuma a duk faɗin ƙasar, ita ma kowane gari ke riƙe da tasa. Wanda bai san sunan ƙauye ba, nasa ya zama allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Yawanci mutum kan garzaya neman sunan kakansa a jerin fasinjojin jirgin ruwa. A ganina nan ake fara ɓata. A 1882 kaɗai, Jamusawa kimanin 250,000 ne suka shiga Amurka. Johann Müller nawa kake zaton ke cikinsu? Daga ƙarshen zance ake farawa, a riƙa ja da baya, wato daga takardun ƙidayar jama'a ta Amurka.

Duk shekara goma ake ƙidayar tun 1790, kuma sai ta cika shekara 72 ake buɗe sunayen ga kowa, shi ya sa ta 1950 ba ta fito ba sai a 2022. Ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane mutum a gida tare da inda aka haife shi, ban da bayi. Ku kula da wannan layin sosai. Kafin 1871 babu ƙasa guda mai suna Jamus, saboda haka a ƙidayar 1860 da 1870 za ka iya ganin an rubuta Prussia, ko Bavaria, ko Baden, ko Hanover. Ka ga an rage maka fagen nema. Ta 1880 ta ƙara da inda aka haifi iyayen mutum. Ta 1890 kuwa gobara ta lalata galibinta a Washington a 1921. Ta 1900 ita ce uwa-uba: ta faɗi wata da shekarar haihuwa, da shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Sai dai kada a ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Mai ƙidaya abin da aka gaya masa a ƙofar gida ya rubuta, wani lokaci ma maƙwabci ne ya ba da amsa. A bar wa shekarar sarari, biyu gaba, biyu baya.

Da shekara a hannu, sai a nufi bakin teku. Tun 1820 doka ta wajabta wa kyaftin ɗin kowane jirgi ya miƙa sunayen fasinjojinsa in ya iso, kamar dai takardar da ake cikewa a tasha kafin mota ta tashi. A New York, daga 1855 zuwa 1890 a Castle Garden ake sauke baƙi; Ellis Island sai 1892 aka buɗe ta. Kada a manta da sauran tashoshin jiragen ruwa irin su Baltimore da New Orleans da Philadelphia da Galveston. Matsalar tsofaffin takardun nan ita ce ƙarancin bayani: suna, shekaru, sana'a, ƙasa, shi ke nan.

A nan Hamburg, birnin tashar jiragen ruwa a Jamus, ke fitar da mutum kunya. Hukumomin birnin sun ajiye sunayen masu tashi daga 1850 zuwa 1934, ban da shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma suna rubuta garin da fasinja ya baro. Bremen kuwa, wata tashar ta Jamus wadda ta fi Hamburg fitar da mutane, tun 1875 ta fara zubar da tsofaffin takardunta saboda rashin wurin ajiya, sauran kuma bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka cinye mafi yawansu. Wanda kakansa ya bi ta Bremen sai ya dogara da takardar isowa. Kakan Donald Trump misali ne: Friedrich, ɗan shekara 16 daga ƙauyen Kallstadt, ya taso daga Bremen a jirgin Eider a 1885, kuma a takardar New York "Trumpf" aka rubuta.

Batun suna ya kawo mu ga Miller ɗinmu. Ana yawan cewa ma'aikatan Ellis Island ne suka sauya wa mutane suna. Ba haka ba ne, tun a tashar da aka taso ake rubuta sunayen, su dubawa kawai suke yi. Baƙin ne da kansu, ko malaman makaranta da masu ƙidaya, suka mai da Müller Miller, Schneider ya koma Snyder, Zimmermann aka fassara shi Carpenter tunda ma'anarsa kafinta. Don haka a shafukan intanet na binciken asali irin su FamilySearch ko Ancestry a gwada kowane salon rubutu.

In jirgi bai ba da ƙauye ba, a duba takardar zama ɗan ƙasa, musamman ta bayan 1906, da littafin cocin Jamusawa na garin da ya zauna, da sanarwar rasuwa a jaridun Jamusanci na Cincinnati ko St. Louis.

In sunan ya fito, da sauran rina a kaba. Garuruwa masu suna Neustadt suna da yawa, wasu garuruwan kuma yanzu a Poland suke: Breslau ta zama Wrocław, Stettin ta zama Szczecin. Kundin Meyers na 1912, mai jera sunayen garuruwan Jamus, zai nuna maka gundumar da ƙauyen yake, da ko akwai coci a cikinsa, da ofishin rajistar da ke kula da shi. Littafin cocin kuma da tsohon rubutun hannu na Kurrent aka rubuta shi, wanda ko Bajamushen yau sai ya zauna ya koya kafin ya iya karantawa.