Yadda za ka haɗa manhajarka da Sentry don ta riƙa sanar da kai matsalarta

Salamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta manhaja a Damagaram da kewaye.

A ce ka gina wa wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole shafin karɓar odar kaya. A kwamfutarka komai lafiya lau. Sai wata mata a Tanut ta danna maɓallin biya a salularta, shafin ya yi fari fat. Ba za ta kira ka ba. Rufewa za ta yi ta nemi wani wurin, kai kuwa ba ka da labari. Shi ya sa nake so manhajar da kanta ta riƙa kawo maka rahoto duk lokacin da ta ci tuntuɓe.

Da Sentry za mu yi aikin yau, wato wani dandali da yake tattara kurakuran manhaja ya kawo maka rahotonsu. David Cramer ne ya fara shi a 2008 don masu aiki da Django, wani tsarin gina shafukan intanet da Python, yanzu kuwa yana tafiya da Python, JavaScript, PHP da sauransu. Akwai Rollbar da Bugsnag ma masu irin wannan aikin, akwai GlitchTip ga wanda yake son ajiye komai a sabar kansa.

Buɗe asusu a shafin Sentry, ƙirƙiri sabon aiki, za su ba ka wani dogon adireshi da ake kira DSN. Ga shi nan a allo. Shi ne yake nuna wa manhajarka inda za ta aika rahoto. Kada ka rubuta shi cikin lambobin manhajar kai tsaye, ajiye shi cikin saitunan saba. Daga nan, in da Python kake aiki, ka sauke sentry-sdk da pip, abin da ake sauke kayan aikin Python da shi, ka kira sentry_sdk.init a farkon manhajar, ka miƙa masa DSN ɗin. Shi ke nan.

Mu gwada. Na rubuta layin da yake raba ɗaya da sifili da gangan. Ku duba: rahoto ya iso, ga sunan fayil, ga lambar layin da ya karye, ga irin burauzar da aka shiga da ita. A ɓangaren JavaScript har maɓallan da mutum ya danna kafin abin ya faru za ka gani a jere. Sai dai ka tuna ka ɗora source maps, wato fayilolin da suke danganta lambobin da aka matse da waɗanda ka rubuta, in ba haka ba lambobin da aka matse ne za su fito maka, ba za ka iya karanta su ba.

Ga wani abin da ya shafe mu a nan. Rezo yana yawan yankewa, kuma kowace yankewa tana iya zuwa maka kamar kuskure, da saƙon "Failed to fetch". Tsarin kyauta yana da iyakar rahoto a wata, irin waɗannan za su cinye shi kafin matsalar gaske ta iso. Tace su da ignoreErrors, saitin Sentry na JavaScript inda kake jera kurakuran da ba ka so a aiko maka.

Sai batun amana, wanda ya fi damuna. Rahoton nan fita yake yi zuwa sabar wasu a ƙasar waje. Lambar salular mai saye da sunansa ba naka ba ne da za ka aika da su, kuma Nijar tana da hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan mutane. Bar send_default_pii, saitin da yake aika bayanan mutum tare da rahoto, a kashe yadda ya zo, sannan ka yi amfani da before_send ka goge duk bayanin da ya shafi mutum kafin rahoto ya tashi.

Kunna sanarwar imel don sabon kuskure kaɗai. A bidiyo na gaba za mu sa wa kowane sabuntawa lamba, don ka gane wanne ne ya kawo matsalar.