Sharhi: Koci ko 'yan wasa, wa ya durƙusar da Nebraska?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A daren Asabar, 24 ga Satumba 2022, wani matashi mai suna Adrian Martinez ya yi wasan da ya hana mutanen jihar Nebraska barci, alhali ba a jiharsu aka yi wasan ba, kuma ba rigarsu ya sa ba. A garin Norman aka yi, inda Jami'ar Kansas State ta je har gida ta doke Jami'ar Oklahoma da maki 41 da 34 a gasar jami'o'i ta ƙwallon zari-ruga irin na Amurka. Sau huɗu Martinez yana shiga gidan Oklahoma da ƙwallo a hannu, ya kuma jefa wa abokin wasansa ta biyar. Ana dab da tashi, lokacin da ƙungiyarsa ke neman yadi 16 ko ta rasa ƙwallo, ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, sai ya runguma ya ruga yadi 55. A nan wasan ya mutu.

To, wannan Oklahoma ɗin ce ta je garin Lincoln mako guda kafin nan ta lallasa Jami'ar Nebraska 49 da 14. Kuma wannan Martinez ɗin ne ya yi shekara huɗu yana yi wa Nebraska wasa, wasu magoya baya suna cewa shi ne ƙashin bayan matsalarsu, in dai yana nan ba za a ga alheri ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce, ana ɗauka a gudu ko a jefa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun, in ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta samu maki shida. Wanda ke karɓar ƙwallo ya rarraba ta, wato kwatabak, shi ne madugu. Shi ake fara yabo, shi ake fara zagi. Matsayin da Martinez ya riƙe kenan a Nebraska tun yana ɗan shekara 18.

Sai an san Nebraska kafin a gane zafin wannan musu. Jiha ce ta manoman masara da makiyaya a tsakiyar Amurka, mutanenta kusan miliyan biyu, kuma ba ta da ƙungiya a babbar gasar ƙwararru ta NFL. Ƙungiyar jami'a ita ce komai. Filinsu na Memorial yana ɗaukar mutum sama da 85,000, kuma tun 1962 ba a yi wasa da 'yan kallo a cikinsa tikiti ya yi kwantai ba. Ranar wasa, in ka cire Omaha da Lincoln, babu garin da ya kai filin nan yawan jama'a a duk jihar. Sun ci kofin ƙasa sau biyar: 1970 da 1971 a hannun koci Bob Devaney, sai 1994 da 1995 da 1997 a hannun koci Tom Osborne. A shekaru biyar na ƙarshen Osborne, wasa 60 suka ci, uku kacal aka ci su. Dattijon da ya ga wannan da idonsa, a 2022 kuma yana kallon ƙungiyar da a lokacin rabonta da zuwa wasan ƙarshen kaka tun 2016, ba za ka ce masa ya yi shiru ba.

Mutumin da aka ɗauko a Disamba 2017 don ya dawo da martabar gidan shi ne Scott Frost. Ɗan jihar ne, kuma shi ne kwatabak ɗin da ya ci musu kofin 1997. Ya je Jami'ar Central Florida ya tarar da ƙungiyar da ta yi kaka guda ba ta ci wasa ko ɗaya ba, cikin shekara biyu ya mayar da ita wadda ta ci wasa 13 ba a ci ta ba. Aka ba shi kwantiragin shekara bakwai a kan dala miliyan 35, jama'a suka ce ɗan gida ya dawo. Ranar 11 ga Satumba 2022 daraktan wasannin jami'ar, Trev Alberts, ya sallame shi. Wasa 16 ya ci, aka ci shi 31, kuma bai taɓa kammala kaka da nasara fiye da rashin nasara ba.

Tun daga ranar aka yi ta kai ruwa rana a gidajen rediyon jihar da wuraren hira. Masu kare Frost suna cewa koci ba ya shiga fili. Shi ne ya saki ƙwallo? Shi ne ya jefa wa abokin gaba? Hujjarsu kuwa kakar 2021 ce, wadda ba a cika ganin irinta ba. Nebraska ta ci wasa uku aka ci ta tara, amma duka taran babu wanda tazarar ta kai maki goma. A wasanninta tara na Big Ten, wato rukunin jami'o'in da take gasa a cikinsa, makin da ta ci daidai yake da wanda aka ci ta, amma guda ɗaya ta yi nasara. Suna cewa kocin da ya kai ƙungiya bakin gaɓa sau tara ya yi aikinsa, yara ne suka kasa haurawa.

Kuma suna da abin nunawa. Ranar 9 ga Oktoba 2021, da dare, Michigan ta zo Lincoln. Maki 29 da 29, saura ƙasa da minti biyu, ƙwallo a hannun Nebraska, yadi ɗaya ake nema. Martinez ya dunƙule ya kutsa, ya samu yadin, amma bai kwanta ba, ya ci gaba da turawa cikin cincirindon jikkuna yana neman ƙari. Nan aka fizge ƙwallon daga hannunsa. Michigan ta buga ta ci maki uku, aka tashi 32 da 29. Babu kocin da ya ce masa ya saki ƙwallo. A shekaru huɗunsa sau 30 ana cafe jifarsa, ban da waɗanda suka suɓuce masa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan gaskiya ne kuma ba zan ɓoye ta ba.

Amma ni a nawa ganin, nauyin ya fi karkata ga koci, kuma ba kaɗan ba.

Kuskure ɗaya na ɗan wasa ne. Kuskure iri ɗaya, shekara biyar, 'yan wasa suna zuwa suna tafiya, wannan ya zama tarbiyyar gida. Wasannin da aka tashi da tazarar maki takwas ko ƙasa da haka a zamanin Frost guda 27 ne, biyar ya ci. Rashin sa'a yakan zo sau biyu ko uku. Sau 22 kuwa, akwai abin da ba a koyarwa ranar Talata da Laraba a filin atisaye.

Ku dubi ɓangaren bugun ƙwallo da ƙafa, wanda aikin shiri ne da maimaici, ba ya buƙatar wani gwani na musamman. A wasansu da Oklahoma a 2021 an tare musu bugun maki ɗaya, aka ɗauka aka ruga da shi har gidansu aka ci maki biyu. Mako guda bayan haka, a gidan Michigan State, masu tsaron bayan Nebraska sun hana abokan gaba motsi gaba ɗaya bayan hutun rabin lokaci, suna gaba 20 da 13, saura 'yan mintuna. Mai bugu ya kora ƙwallo gefe guda, masu tarewa suka nufi ɗaya gefen, Jayden Reed ya karɓa ya ruga yadi 62 babu mai taɓa shi. A wasan ƙarshe na kakar, da Iowa, sun yi gaba 21 da 6, daga baya aka sake tare musu bugu aka ci su da shi, wasan ya juye aka tashi 28 da 21. Wannan wasan Martinez bai buga ba ma, yana jinyar kafaɗa. Duk da haka sai a farkon 2022 Frost ya naɗa mutumin da wannan ɓangaren ne kaɗai aikinsa.

Martinez ya tafi, aka kawo Casey Thompson daga Texas, aka kawo sabon mai tsara hari, aka ce yanzu za a gani. Ranar 27 ga Agusta aka buɗe kaka a birnin Dublin na ƙasar Ailan, dubban mutanen Nebraska suka biya kuɗin jirgi suka tsallaka teku cikin jajayen riguna. A zango na uku suna gaban Northwestern 28 da 17, wasa yana hannunsu. Maimakon a kora ƙwallo can nesa kamar yadda aka saba, sai Frost ya ba da umarnin a yi gajeren bugu na dabara, wai ko a sake ƙwace ta. Northwestern ta cafe a tsakiyar fili, ta ci, daga nan Nebraska ba ta ƙara samun maki ko ɗaya ba. 31 da 28. Frost da bakinsa ya amsa cewa shi ya yanke shawarar. Mako biyu bayan nan Georgia Southern, ƙaramar ƙungiyar da aka biya kuɗi ta zo a yi wasa da ita, ta ci yadi 642 a Lincoln ta tafi da nasara 45 da 42, ɗalibai a kan benci suna ihun a kori Frost. Wanne daga cikin waɗannan za a jingina wa yaron da ya riga ya koma Kansas?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da yaron ya yi wasa a ciki. A wasan Michigan State ɗin nan ne muƙamuƙinsa ya karye, ya ci gaba da buga wasanni a haka, ga ciwon idon sawu, ana ta zaginsa, mutane ba su san komai ba sai da kocin ya bayyana daga baya. Ɗalibi ne. Har zuwa Yuli 2021 doka ba ta ma yarda irinsa su samu ko sisi da sunansu ba, sai dai kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana. Kocinsa kuwa dala miliyan biyar yake ɗauka a shekara. Idan layin da ke kare kwatabak ya rushe, aka bar yaro yana neman ceton wasa shi kaɗai, dole ya yi ganganci, kuma mai ganganci shi ke sakin ƙwallo. Wa ya zaɓo masu karewar? Wa ya horar da su?

Ba ina cewa wasa ɗaya a Norman ya wanke Martinez tas ba. Mako guda kafinsa Tulane ta doke Kansas State 17 da 10, can ma aka yi ta ƙorafin ya cika tsoron jifa. Abin da daren Asabar ya nuna kawai shi ne, yaron da aka ce ba ya iya rufe babban wasa ya rufe shi da aka sa shi a wani gidan.

Akwai masu cewa matsalar ta wuce koci da 'yan wasa. Jihar ba ta da yawan jama'ar da za ta fitar da zaratan matasa kamar Texas ko Fulorida, komawarta rukunin Big Ten a 2011 ya raba ta da inda ta saba ɗebo yara, kuma yanzu kowace jami'a ana nuna ta a talabijin, ba kamar da ba. Duk haka ne. Sai dai Iowa da Wisconsin ma garin sanyi ne da gonaki, kuma su ne ke dukan Nebraska kusan kowace shekara.

Su ma magoya baya da shugabannin jami'ar akwai nasu kason. A 2003 aka kori Frank Solich bayan ya ci wasa tara aka ci shi uku, aka ce bai kai ba. A 2014 aka kori Bo Pelini, wanda a shekaru bakwai bai taɓa cin ƙasa da wasa tara ba, duk da dai zafin ransa da munanan kaye a manyan wasanni sun taimaka. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Tom Osborne da suke auna kowa da shi sai a kakarsa ta 22 ya ci kofin ƙasa. Waɗanda ke cin wasa tara ba a yi musu wannan haƙurin ba, sai wanda ke cin uku da huɗu aka yi wa, saboda ɗan gida ne kuma ganinsa yana tuna wa mutane 1997. A Nuwamba 2021 aka rage wa Frost albashi zuwa miliyan huɗu, aka kori mataimakansa huɗu, shi aka bar shi. Soyayya ce ta yanke wannan hukuncin, kuma ban ga laifin soyayyar ba, amma yaran da suka zuba shekarunsu huɗu na jami'a a ciki ba za a dawo musu da su ba.

Mutanen nan dai ba su guje wa ƙungiyarsu ba. Har yanzu suna cika filin, kuma suna da al'adar tafa wa baƙi idan an tashi, ko da baƙin ne suka ci. Bayan sallamar Frost a 2022, an ba da riƙon ƙwarya ga Mickey Joseph, shi ma tsohon kwatabak ɗinsu, kuma baƙar fata na farko da ya taɓa jagorantar wata ƙungiyar wasa a jami'ar. Ya sallami mai tsara tsaron baya kwana ɗaya bayan kayen Oklahoma. A lokacin wasa ɗaya suka ci cikin huɗu, saura takwas.

Wasan da ya biyo baya shi ne da Indiana, a Lincoln, ranar Asabar 1 ga Oktoba 2022. A wannan ranar ce kuɗin sallamar Frost zai ragu daga dala miliyan 15 zuwa miliyan bakwai da rabi da an jira. Jami'ar ta ga ba za ta iya jiran kwana ashirin ba, ta biya duka.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.